Tanti Sista da Ƙafar Mai Haƙar Zinariya

Idan ka shiga unguwar Pays-Bas da ke gefen garin Agadas ka tambayi gidan Tabawa matar Malam Yahaya, sai an daɗe ana kallonka. Amma da ka ce Tanti Sista, ko mai kurar ruwa zai tsayar da jakinsa ya nuna maka ƙofar. Gajeriyar mace ce mai jiki, tabarau a rataye a wuyanta da igiyar takalmi, ga murya wadda idan ta kira mai jiran layi, har na gidan maƙwabta kan amsa.

Ba 'yar garin ba ce. A Funtuwa aka haife ta, gidan wanzamai, kuma tun ba ta kai tsawon turmi ba ita ke wanke wa mahaifinta ƙahonnin da ya gama tsotse jini da su. Saboda haka da ta shiga makarantar koyon jinya, ranar da 'yan ajinsu suka fara ganin an farke mutum suna ta zubewa, ita kam matsawa ta yi gaba don wani dogo ya tare mata. Ta yi aikin asibitin gwamnati har ƙafafunta suka haddace kowace baranda. Ta auri Malam Yahaya, malamin firamare, mutum mai sanyi wanda bai da abokin hira kamar rediyonsa. Suka haifi 'ya'ya, suka aurar, sannan aka yi mata ritaya.

Ritayar nan ita ce ta zame wa mutanen unguwarsu masifa. Tabawa ta dawo gida da abin awon jini da hannayen da ba su saba zama ba. Mai kawo itace bai fita sai an ɗaure masa hannu an matsa. Mai gyaran takalmi ya zo karɓar aikinsa ya koma da umarnin ya daina cin jan nama, shi da ya manta ranar da ya ga nama. Maƙwabta idan za su wuce ƙofar gidanta sai su danne tari har sai sun sha kwana. Malam Yahaya kuwa gishirinsa a cikin akwatin rediyo yake ɓoyewa, goro a cikin hula.

'Yarsu Ruƙayya ce ta samo mafita. Ta ji labarin wata ƙungiyar likitoci da ma'aikatan jinya 'yan sa kai da za su tafi Nijar su yi wa marasa ƙarfi aiki kyauta na ɗan lokaci, ta zo da maganar tana lallaɓawa, tana tsoron kada uwar ta ce korar ta ake yi. Tabawa ba ta bari ta gama ba ta tambayi ranar tashi. Malam Yahaya ya ce shi dai ba ya son ta yi nisa, amma ya faɗi hakan ne yana riga ya jawo mata akwati daga ƙarƙashin gado.

An gaya mata a Agadas za su sauka, a wata unguwa da ake kira Pays-Bas. Sunan ya yi mata daɗi a baki, ta yi ta maimaita shi a gidan suna. Wata malamar makaranta da ta taɓa Faransanci ta dafa ƙirji ta ce, "Pays-Bas? Ai Holan ke nan!" Kafin la'asar magana ta gama gari cewa Sista Tabawa za ta Turai. Mata suka yi ta sallama, wannan na son atamfa 'yar Holan daga tushe, waccan na son madarar gwangwani ta asali. Tabawa ta san sarai inda za ta, amma ba ta ƙaryata kowa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah dai ya kai mu lafiya."

Suka bi ta Daura suka shiga Damagaram, daga nan bishiyoyi suka fara raguwa ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare. A Aderbissinat mota ta tsaya, wata mata ta miƙo mata wani farin abu mai faɗi ta taga. Tabawa ta juya shi, ta shinshina, ta tambayi direba ko sabulu ne. Ya ce cuku ne, na nono, ci ake yi. Ta gatsa, ta lallaɓa haƙorinta da harshe ta ji yana nan, sannan ta sayi na Malam.

Wurin aikin da aka ba ta ɗakuna biyu ne na laka da wata rumfar tabarma a gaba. Sauran 'yan ƙungiyar an rarraba su wasu unguwanni. Shugaban wurin shi ne Inoussa, wanda kowa ke kira Majo, wato babban ma'aikacin jinya: dogo, siriri, ba ya gaggawar komai, gaisuwarsa kaɗai kan cinye lokacin duba mutum biyu. Masauki kuwa gidan Souwaiba aka kai ta, wata mai tuyar ƙosai da mijinta ya rasu, wadda da ta tashi daga kasko sai ta wuce wurin shan maganin ta taimaka da shara da tsara layi.

Tabawa ta yi ta haddar "bonjur" a hanya, ta zo ta tarar kowa Hausa yake yi. Ta yi hamdala, ta ce ashe ba ta buƙatar tafinta. Mace ta farko da ta zauna gabanta ta rusa mata wannan zato.

"Baiwar Allah, me ya kawo ki?"

"Likita na zo."

"Ni ba likita ba ce, nas ce. Amma faɗi, ina ji."

Matar ta dubi Souwaiba, ta dubi rufin ɗakin. "To nan ba likita ba ne?"

Souwaiba ta ajiye tsintsiya. "Tanti, nan wurinmu ɗakin shi ne likita. Mutumin kuwa lokotoro."

"To idan lokotoron ya kwanta ciwo fa?"

"Sai a kai shi likita."

Tabawa ta cire tabarau ta goge ta mayar. Daga ranar Souwaiba ta zama tafinta tsakanin Hausa da Hausa. Ita ta koya mata cewa zazzaɓi masassara ne, allura pikir, hawan jini tansiyo, ɗan acaɓa kabo-kabo. Da ta ce a kira ta Sista, mutanen unguwa suka ɗauka sunan yanka ne, suka ga bai kamata a kira babbar mace da sunanta tsirara ba, sai suka ɗora masa Tanti a gaba, wato Goggo da Faransanci.

Ranakun suka ɗauki hanya. Da asuba ta yi salla, ta taya Souwaiba jeran bido, wato jarkokin ruwa, a bakin ƙofa don mai kurar ruwa, sannan ta wuce. Kafin rana ta yi zafi rumfa ta cika: uwaye da jarirai masu gudawa, tsofaffi masu ciwon gwiwa, baƙin da hamada ta maido ba su kai inda suka nufa ba, da mahaƙan zinariya masu tarin da ke fitowa tun daga ƙasan ciki. Kowa pikir yake so. Wanda aka ba ƙwaya sai ya fita yana juya ta a tafin hannu kamar an zage shi. Wani tsohon Buzu ya taɓa zuwa ya zauna, ya nuna nan na ciwo, nan ma na ciwo, ta gama tausa cikinsa ba ta ji komai ba, sannan ya ce ai ba shi ba ne, matarsa ce, ta yi masa bayanin wuraren duka kafin ya fito. Ranar a bayan kurar jaki Tabawa ta je har bukkarsu, tana riƙe da jakar magani da hannu ɗaya, ɗayan tana riƙe da rayuwarta.

Ana cikin shirin komawa gida aka kawo Issouf.

Abokansa ne suka sauko da shi daga bayan wata mota mai ɗaukar ruwa zuwa ramukan zinariya. Mutumin Tasawa ne, mai faɗin kafaɗa, ya bar mata da 'ya'ya a gida ya zo neman sa'a a duwatsun Tabelot. Dutse ne ya faɗo masa a ƙafar hagu. Ya wanke da man inji, ya barbaɗa baƙin garin cikin batir, ya ɗaure da hannun riga, ya ci gaba da haƙa har ƙafar ta kumbura ta fi ƙarfin takalmi. Da Tabawa ta kwance tsumman, layin da ke cikin rumfa ya watse ba tare da an ce kowa ya matsa ba.

"Inna, pikir guda za ki yi mini," in ji Issouf. "Mai ƙarhi. Gobe motarmu za ta koma."

"Kai da wa?"

"Ni da 'yan raminmu. Mun kusa isa, Inna. Ƙasar ta canza launi. In na zamna nan, su za su ci."

"Wannan ƙafar ma ta canza launi," in ji Tabawa. "Ka gan ta?"

Ta wanke ciwon, Majo Inoussa yana riƙe da fitila, Issouf yana kiran sunayen waliyyan da ya sani da waɗanda ya ƙirƙira. Da suka fito, Majo ya ce mata a hankali, idan mutumin nan ya koma daji, ko dai a yanke ƙafar daga gwiwa ko kuwa a binne shi da ita. Ya ƙara da cewa irinsu ba sa zama, ya ga da yawa, da sun ji sauƙi kaɗan sai ka nemi mutum ka rasa.

Tabawa ta koma ciki, ta sunkuya ƙarƙashin gado, ta ɗauki takalmin ƙafarsa mai lafiya ta sa a jakarta.

"Inna, takalmina ne."

"Na sani. Ajiya na yi maka."

Duk wanda ya taɓa taka ƙasar Agadas da tsakar rana ba takalmi ya san ba a yin haka sau biyu. Issouf ya ga motarsu ta tashi ta tagar ɗakin, ya juya wa bango fuska, ya ƙi cin abinci har sai da ƙamshin ƙosan Souwaiba ya shigo.

Ranar tafiyar ƙungiya ta zo. Tabawa ta gaya wa shugabansu su yi gaba, za ta biyo su da ciwon nan ya kama hanyar rufewa. Ta buga wa Malam Yahaya waya ta gaya masa. Ya ce subhanallahi, gida duk babu daɗi ba ta nan. Ta ce ta ji kamar yana tauna wani abu. Ya ce layin ne ba shi da kyau.

Ba a daɗe ba al'amura suka rikice a ƙasar, aka wayi gari an rufe iyaka tsakanin Nijar da Najeriya. Hanyar gida ta toshe, haka ma hanyar kwalayen magani da ƙungiyar ta yi alkawarin aikowa. Man shafawa ya ƙare, ruwan wanke ciwo ya koma sai wanda suka dafa da gishiri, bandeji kuwa sai a wanke a shanya a sake naɗewa. Tabawa ta zauna gaban kabad ɗin da babu komai ciki, karo na farko a rayuwarta ta rasa abin da za ta umarci wani ya yi.

Majo ya zo ya tsaya a kanta, ya gama gaishe ta tsaf, sannan ya ce, "Tanti, sukari za mu sa."

"Sukari? Ƙafa ce ko kunu?"

"A cika ramin ciwon da shi, a ɗaure, a canza kullum. Yana tsotse ruwan, ƙwayoyin cuta ba su iya zama. Nan mun daɗe muna yi."

Ta tuna ta taɓa jin haka a makaranta, a wani darasi da ta ɗauka na tarihi ne. Ta yi gunaguni, amma ta aika aka sayo. Bayan 'yan kwanaki warin ya ragu, naman ya fara yin ja. Tabawa ta duba, ta sake dubawa, ta ce wa Majo, "To, ba laifi," wanda a bakinta babbar lambar yabo ce.

Sai dai wata matsala ta ɓullo. Gwangwanin sukarin yana ƙarewa da saurin da ƙafa ɗaya ba za ta iya shanyewa ba. Ta zargi tururuwa, ta ɗora gwangwanin cikin kwanon ruwa. Bai hana ba. Wata rana ta dawo daga sallar azahar da wuri, ta tarar da 'yan dubiyar Issouf sun kewaye gadonsa, ga ɗan murhun waya da gawayi, butar shayi na tafasa, ɗaya daga cikinsu yana ɗaga ta sama yana zuba wa ƙaramin kofi har kumfa na tashi. Gwangwaninta na tsakiya a buɗe. Issouf da kansa ke aunawa.

"Bismilla, Inna," in ji shi. "Zubi na biyu ne, ya fi daɗi."

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya ba Souwaiba tsoro. Ta rubuta "guba" a jikin gwangwanin da manyan baƙaƙe. Washegari aka sha shayi kamar kullum, domin a cikinsu babu mai karanta boko, wanda ya iya kuma ya ɗanɗana ya ce ƙarya ce. Rana ta gaba sai ta jira suka taru, suka sha na farko, ta shigo da kwanon wanke ciwo, ta kwance bandejin a gabansu, ta kankare sukarin da ya kwana a ƙafar, ta ɗauki gwangwani ta tsaya tana dubansa.

"Majo," ta ɗaga murya, "na jiya ma a nan na mayar, ko? Kada a yi asara."

Majo yana ɗaya ɗakin, bai san zancen ba, ya amsa da "Haka ne, Tanti," don haka yake amsa mata komai.

Ba ta mayar da ko ƙwaya ba, ba ta taɓa mayarwa ba. Amma mai zuba shayin ya ajiye buta a hankali ya fita, aka ji shi a bayan rumfa. Tun daga ranar sukarin likita ya zauna lafiya. Abin ya wuce haka ma, har yau akwai mazan unguwar da idan Tabawa ta miƙa musu shayi sai su ce suna azumi.

Ƙafa ta yi ta sauƙi, ban da ɗan yatsa ƙarami da ya yi baƙi ƙirin ya ƙi dawowa. Majo ya ce sai an kai shi babban asibitin gari an cire. Issouf ya ji kalmar cirewa, ya kuma ji daga bakin wani direba cewa 'yan raminsu sun fara ganin ƙyalli. Da safe Tabawa ta zo ta tarar da gado ba kowa.

Ta tsaya bakin rumfa ta ƙwala kira. Matan unguwa suka firfito, domin tuni ta raba musu aikin sa ido a kansa. Mai tallar fura ta ce ba ta ga Issouf ba, amma ta ga wani Buzu ya fito daga bayan likita, ya naɗe fuska da rawani sai idanu, yana tafe yana jingina da bango. Souwaiba ta ce wane irin Buzu ne zai fito daga nan ba a ga shigarsa ba? Tabawa ta tare kabo-kabo. Ba ta taɓa hawa babur ba tun tana amarya, ta riƙe ɗan kabo-kabon kamar za ta karya masa haƙarƙari har tashar motocin daji.

Tashar cike take da masu rawani. Ta bi su ɗaya ɗaya, ba fuska take kallo ba, ƙasa take kallo. A gindin wata mota da aka lafta wa bido da buhuna ta ga wani zaune ya ja riga ya rufe ƙafafu, amma gefen wani farin ƙulli ya leƙo, irin ƙullin da ita kaɗai ke yi a faɗin Agadas. A ɗaya ƙafar kuwa silifas ne na mata, ruwan hoda, wanda Souwaiba ta yi ta nema da asuba.

Ta yi sallama. Mai rawani ya amsa da wata irin murya daga maƙogwaro, ya haɗa wasu kalmomi da yake zaton Buzanci ne. Wani Buzu na gaske da ke zaune kusa ya juyo ya dube shi da mamaki.

"Bawan Allah, ko ka ga wani mai ciwon ƙafa?" in ji Tabawa, tana matsowa, tana ɗaga ƙafarta daidai saitin ƙullin.

"Wayyo Inna, kada ki taka!" Hausar Tasawa ta fito tas.

Tashar ta kwashe da dariya. Amma da ta zauna kusa da shi a kan buhu, ta ja rawanin ƙasa, sai ta ga idanunsa sun cika. Ya ce mata ba taurin kai ba ne. Ya bar gida da alkawari, yaransa na jira, in ya koma hannu wofi kuma da guntuwar ƙafa, da wane ido zai dubi matarsa? Tabawa ta gyara zama a kan buhun. Sannan ta ce ita ma ta baro gida, ba ta san ranar komawa ba, kullum da dare sai ta ji kamar ta kama hanya da ƙafa. Ta ce yatsa ɗaya ake nema a wurinsa yau, in ya hau motar nan, wata mai zuwa ba yatsa za a nema ba. Ta ce matarsa za ta fi son miji mai yatsu tara da labarin miji.

Direba ya yi ta danna oda. Issouf ya dubi motar har ta fice daga tasha, sannan ya ce, "To wa zai biya kabo-kabo?"

Aka cire yatsan, ciwon ya rufe. Ranar da ta sallame shi ta fito masa da takalminsa daga jaka, ya karɓa da hannu biyu. Ya koma Tabelot ya tarar ƙyallin da aka gani bai kai abin da za a yi faɗa a kansa ba. Daga baya ya bar shiga rami, ya koma dafa wa mahaƙa abinci, ya ce a nan ne zinariyar take. Duk wanda ya ji rauni a can, shi ke ɗora shi a mota ya ce a kai shi wurin Tanti Sista, ya kuma ja masa kunne ya riƙe takalminsa da kyau.

Da aka buɗe iyaka, Malam Yahaya ya zo ɗaukar matarsa da kansa. Ya sauko daga mota ya yi ƙiba, wuyansa har ya ninku. Tabawa ta dube shi sama da ƙasa. Souwaiba ta shimfiɗa masa tabarma, maƙwabta suka shigo gaisuwa. Majo Inoussa ya tambayi sana'arsa, aka ce malamin makaranta ne. Fuskar Majo ta washe, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ashe mushe ne! Sannu da zuwa, Mushe Yahaya. Jama'a, mijin Tanti mushe ne!"

Mata suka amsa, "Sannu Mushe! Ya hanya, Mushe?"

Malam Yahaya ya saki hannun. Mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, amma yau ya juya wurin matarsa ya ɗaga ta. "Maman Ruƙayya, na yi tafiyar nan duka don a kira ni abin da ya mutu ba a yanka ba?"

"Malam, girmamawa ce. Nan haka ake ce wa malamin boko."

"To a rage girmamawar."

Tana dariya tana ɗaura masa abin awon jini. Da allurar abin awon ta tsaya, dariyar ta tsaya. Aka kwantar da Mushe a gadon da Issouf ya bari, aka hana shi gishiri, aka ce babu maganar doguwar tafiya sai tansiyo ta sauka. Yana kwance yana jin Majo na fama da wasu baƙi 'yan Gana da Laberiya waɗanda ba su jin Faransanci ba su jin Hausa sai Ingilishi, sai ya ɗago kai ya fassara. Kafin ya warke an ajiye masa kujera a bakin rumfa.

Duk da haka ya dage sai sun koma. Tabawa ta yarda, ta yi sallama gida gida, Souwaiba ta yi kuka har ƙosai ya ƙone. Suka je tasha da sassafe, aka ɗaure kayansu a saman motar Damagaram, suka shiga suka zauna. Direba ya tayar da inji ke nan sai ga Souwaiba a bayan kabo-kabo, mayafi na tashi, tana buga jikin motar. Matar mai kurar ruwa ce ke naƙuda tun asuba, abin ya ƙi, Majo kuma ya tafi karɓo magani.

Tabawa ta tsallake cinyoyin mutane ta sauka. "Malam, ka ce ya jira ni."

Malam Yahaya ya sauko don ya roƙi direba, ya zagaya ta gefensa, direba bai gan shi ba ya ja mota. Ya tsaya a tsakiyar tasha yana kallon akwatunansu suna tafiya Damagaram ba su.

Namiji aka haifa, uwa da ɗa lafiya. Akwatunan suka dawo bayan an yi ta waya, ban da buhun dabino wanda ba a sake jin labarinsa ba. Da suka iso, Tabawa ta ce tunda an riga an kwance igiya, bari ta fitar da kayan sawa kawai. Malam ya ce to, amma na ɗan lokaci.

Yanzu sun kama ɗaki a jikin gidan Souwaiba. Sukan je Funtuwa ganin jikoki su dawo. Da safe za ka gan su sun fito tare, ita a gaba da jakar magani, shi a baya da kujerarsa, yara na bin sa suna "Bonjur Mushe," yana amsawa ba tare da ya juya ba. Idan baƙo ya tambaye shi yaushe za su koma gida gaba ɗaya, yakan ce ana nan ana shiri. Tabawa kuwa ba ta jin tambayar, domin a lokacin ta riga ta kama hannun baƙon tana naɗe masa hannun riga.